Me ake nufi da laparoskopi, kuma ana yi wa mai ƙiba sosai?

Jama'a kalmar nan laparoskopi da ake ta ji a bakin likitoci, wasu nan Katsina suna ce mata aikin huji, ma'anarta dai tiyata ce da ba a tsaga ciki gaba ɗaya. Ƴan ƙananan huji ake yi kamar 4 ko 5, kowane bai wuce milimita 5 zuwa 12 ba, a hura iskar kabon dayokzaid cikin ya ɗago, a zura kyamara da dogayen kayan aiki, likita yana kallon allo yana aiki. Wani likita ɗan Japan, Seigo Kitano, shi ya fara fitar da rahoton yin ta a kan kansar tumbi a 1994.

To amma fa kar wani ya ɗauka ƙaramin aiki ne. In kansar tumbi ce, abin da ake yi a ciki duk ɗaya ne da na tiyatar tsaga ciki, za a yanke ɓangaren tumbi ko a cire shi duka, a kwashe kaluluwar da ke kewaye da shi saboda ta nan ciwon ke bi ya yaɗu, sannan a haɗa hanji.

Inda ƙiba ta shigo kenan. Mai ƙiba sosai a wajen likita shi ne wanda BMI ɗinshi, wato ma'aunin nauyin mutum daidai da tsawonshi, ya kai 40, misali mutum mai tsawon mita 1.7 da nauyin kilo 116. Irin wannan bawan Allah kitse ya lulluɓe jijiyoyin jini da kaluluwar, likita sai ya yi ta lalube a hankali, aikin ya daɗe, ga iskar da aka hura tana danne huhu mai ba da maganin barci ma yana ta fama, wani lokacin dole a hakura a tsaga a tsakiyar aiki, kuma hakan ba gazawa ba ce wallahi. Duk da haka ni a ganina shi ya fi kowa amfana in an samu ƙwararre, don doguwar tsaga a kan teɓa ita ce ke ruwa, ta ƙi warkewa, ɗinki ya saki hanji ya turo daga baya. Da huji kuwa zafi kaɗan ne, ya tashi ya taka da wuri, kuma tafiyar nan tana rage haɗarin daskarewar jini a ƙafa.

Abin da ke damuna shi ne mutanenmu shekara da shekaru ana shan maganin olsa ba gwaji, alhali wataƙila kansar tumbi ce. In kana saurin ƙoshi, kana rama ba dalili, ko bayan gida ya koma baƙi, don Allah je asibiti a leƙa tumbin da kyamara ta baki, in ciwon ya riga ya yaɗu sau da yawa tiyatar ma ba ta yiwuwa.