Waiwaye: Daga bukkokin mahajjata zuwa katafila a kudancin Jidda

Wanda ya san Karantina, Gulail, Sabil da Hindawiyya shekara biyar kafin rusau, in ya koma yau sai ya tsaya yana laluben inda lungun gidansu yake. Tun watan Oktoban 2021 hukumomin Jidda suka soma rushe unguwannin da suke kira "ashwa'iyyat", wato waɗanda aka gina ba bisa tsari ba. Sama da unguwa 60 abin ya shafa, kuma a cikinsu akwai inda Hausa ta fi Larabci tashi a bakin shago.

Zaman mu Hausawa a nan ya girmi ƙasar Saudiyya kanta, wadda aka ba wannan suna a 1932. Kakanni da ƙafa suka zo. Mutum ya bar Kano ko Haɗeja, ya ratsa Borno da Wadai da Darfur, ya yada zango ya yi noma ya tara guzuri, sannan ya kai Sawakin ya hau jirgin ruwa ya haye Bahar Maliya. Tafiyar kan ci shekaru. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ayarin masu gabas ya ƙaru. Wasu suka tsaya Sudan tare da ɗansa Mai Wurno, wasu suka wuce. Waɗanda suka iso ba su da kuɗin kama ɗaki a cikin ganuwa, sai suka kafa bukkoki a bayanta. Larabawa na ce musu Takarir, daga nan muka samo "Takari". Da aka rushe ganuwar a 1947 gari ya buɗe ya haɗiye su, bukka ta koma ɗakin kwano, kwano ya koma bulo. Ita Karantina sunanta ma daga wurin killace mahajjata ya fito.

A nan aka rabu gida biyu, ko da yake lungu ɗaya ake kwana. Waɗanda kakanninsu suka karɓi takardar zama 'yan ƙasa da wuri su ne masu laƙabin "Hausawi" na yau. A gasar cin kofin duniya ta 2018 mutum uku ne a tawagar Saudiyya masu wannan suna, Usama da Umar da Mu'utaz. Wasu kuwa kakan ya ce shi baƙon Allah ne, me zai yi da takarda? Jikokinsa aka haifa a nan, ba su taɓa ganin Kano ba, amma sai da igama, wato takardar izinin zama, da kafili mai tsaya musu. Ƙasa da su kuma akwai waɗanda suka zo umara suka maƙale.

Muddin unguwa na tsaye, wannan bambanci bai cika fitowa ba. Haya da araha, bashi a shagon maƙwabci, makarantar allo a soro, adashi tsakanin mata. Da yamma hayaƙin tsire ya turnuƙe lungu, har Larabawa suna zuwa da motoci su saya, suna ce masa "siriya". Ba zan ɓoye ba, lungunan sun matse, motar kashe gobara ba ta shiga, ruwan kwata na kwance, kuma masu sayar da ƙwaya sun sami maɓoya. Hujjar hukuma ke nan, kuma ba ƙarya ba ce duka. Ambaliyar Nuwamban 2009, wadda ta ci rai sama da 100, ta ƙara ƙarfin masu cewa a sake fasalin garin.

Matsin ya zo daki-daki. A 2013 aka yi kamen marasa igama, aka cika motocin tarhil, wato na mayar da baƙi ƙasashensu. A 2017 aka ɗora wa baƙi harajin iyali, riyal 100 a wata kan kowane mutum, ya hau har 400 a 2020. Mai 'ya'ya shida sai ya yi lissafi ya kama kai. Sannan jan fenti ya bayyana a bango da kalma guda, "ikhla", a tashi. Kwanaki kaɗan a yanke wuta da ruwa.

Wajen diyya takarda ta yi magana. Ɗan ƙasa mai takardar mallaka a biya shi fili da gini, marar ita a biya shi gini, wasu iyalan ma gwamnati ta ba su matsuguni. Baƙon da ke haya kuwa kayansa kawai zai ɗaure, ya shiga neman ɗaki a lokacin da kowa ke nema, haya ta yi tashin gwauron zabo.

Wata dattijuwa da ta shekara arba'in tana tuyar ƙosai a bakin lungunmu, na tarar da ita ranar tashi zaune kan buhun kaya, kaskonta a cinya. Na ce, "Inna, ina aka nufa?" Ta ce, "Ɗan nan, 'yata ta ce in zo Makka, amma can ma an shafa musu jan fenti." Masu sayen ƙosanta yanzu sai a WhatsApp suke jin labarin juna, galibi in an yi rasuwa ana cigiyar masallacin da za a yi sallar gawa.