Kafin ka ɗauki maganin feshi, ɗaga tukunyar ka ji nauyinta

A tsawon shekarun da na yi ina aikin malamin gona, ƙorafin da na fi ji daga bakin waɗanda suka fara shuka a cikin ɗaki, ko tumatir ne ko barkono ko latas ko na'ana'a, kusan iri ɗaya ne: ganye ya yi rawaya ya langaɓe, wane magani za a fesa, ko kuma wane taki za a ƙara? Ba na gaggawar amsa wannan tambaya. Abin da nake fara roƙon mai shukar shi ne ya ɗaga tukunyar da hannu biyu ya ji nauyinta, sannan ya cusa yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. Sau da yawa yatsan kan fito da laka mai sanyi, wani lokaci har da ɗan warin ruɓa, kuma daga nan mukan gane cewa ba ƙwari ne suka fara ɓarnar ba, ba kuma yunwa ce ke damun shukar ba. Ruwa ne ya yi mata yawa.

Dalilin da ya sa wannan kuskure ya zama ruwan dare shi ne, shukar da ruwa ya yi wa yawa da wadda ƙishi ya kama duk yaushi suke yi, don haka sai mai ita ya ga ta sunkuya, tausayi ya kama shi, ya ƙara mata abin da ke kashe ta. Saiwa tana numfashi. Tana buƙatar iskar da ke cikin 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, kuma idan ruwa ya cike waɗannan kafofi kwana da kwanaki, sai ƙananan jijiyoyin da ke tsotson ruwa su shaƙe su mutu, ƙwayoyin cuta masu son danshi irin su Pythium su sami ƙofa. Shukar da saiwarta ta ruɓe ba ta iya shan ruwa ko da tana tsaye a cikinsa. Akwai bambancin da ido zai iya kamawa idan an natsu: ganyen da ƙishi ya kama yakan yi laushi kamar tsumma, ƙasar ta janye daga jikin tukunya, kuma yakan miƙe cikin 'yan sa'o'i bayan an ba shi ruwa, wanda ruwa ya yi wa yawa kuwa yakan lanƙwashe ƙasa da nauyi, na ƙasa-ƙasa su fara rawaya, kuma ban ruwa ba ya tayar da shi. Idan ana shakka, a kife tukunyar a tafin hannu a zaro shukar a hankali. Lafiyayyar saiwa fara ce mai ƙarfi, ruɓaɓɓiya kuwa launin ƙasa-ƙasa ce, tana saɓulewa a tsakanin yatsu.

Saboda haka ba na ba kowa jadawali na cewa a yi ban ruwa kowace safiya ko bayan kwana biyu, domin shan ruwan shuka yana canjawa gwargwadon girmanta, girman tukunya, zafin ɗaki da ƙarfin haske. Ƙaramin dashe a cikin babbar tukunya shi ne ya fi shiga haɗari, tunda saiwarsa ba ta kai gefe ba balle ta shanye ruwan da ke can. Hanyar da ta fi aminci ita ce a ba ƙasar ruwa sannu a hankali har ya fara ɗiga ta ramukan gindi, a zubar da wanda ya taru a faranti, a ɗaga tukunyar a riƙe wannan nauyi a zuciya, sannan kada a sake ba ta sai saman ƙasar ya bushe kimanin santimita 2 zuwa 3 kuma tukunyar ta yi sauƙi a hannu. Tukunyar da ba ta da rami a gindi ba ta dace da shuka ba, komai kyanta. Zubar da ruwan faranti kuma ba don shukar kaɗai ba ne: sauron Aedes, mai yaɗa zazzaɓin dengi da shawara, yana hayayyafa a ɗan ruwa mai tsabta irin wannan, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi yakan ɗauki kwana 7 zuwa 10 kacal.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙwaron farko da jiƙaƙƙiyar ƙasa ke gayyata shi ne ɗan baƙin ƙudan nan mai kama da ƙaramin sauro, wanda ke tashi daga bakin tukunya idan an taɓa ta. Babban ba ya cin ganye, tsutsarsa ce matsalar. Siririya ce mai sheƙi da baƙin kai, tana zaune a saman ƙasa tana cin ruɓaɓɓen abu da ƙananan jijiyoyi, kuma tana iya kashe ɗan tsiro. Wanda yake son ya tabbatar da ita ya yanka dankali ya kife yankan a kan ƙasar, bayan kwana biyu ya ɗaga ya duba. Maganinta na farko shi ne barin saman ƙasa ya bushe, sai a kafa takarda mai ɗanko mai launin rawaya don kama manyan. Idan abin ya yi ƙamari, akwai ƙwayar bakteriya da ake kira Bti, wadda ake jiƙawa a ruwan ban shuka, tana kashe tsutsar wannan ƙudan da ta sauro ba tare da ta cutar da mutum ba. Sai an jure har makonni uku zuwa huɗu, domin tsawon rayuwar ƙwaron ke nan daga ƙwai zuwa babba.

Wanda ya fi ba ni tsoro a ɗaki mai zafi da bushewar iska shi ne ɗan mitsitsin ƙwaron nan dangin gizo-gizo, wanda girmansa bai wuce rabin milimita ba. Na taɓa shiga ɗakin wani matashi da ya jera barkono a ƙarƙashin fitilar da ke ba su haske a madadin rana, yana ta ƙara musu taki saboda ganyen sun yi fari-fari kamar an yayyafa musu gishiri. Na sa farar takarda a ƙarƙashin ganye ɗaya na kaɗa shi da yatsa, sai ga wasu ɗigo-ɗigo kamar ƙura sun zubo, kuma da muka zuba musu ido na ɗan lokaci sai ƙurar ta fara tafiya. Da ya juya bayan ganyen a gaban haske ya ga siririyar yanar gizo a tsakanin jijiyoyinsa, bai ƙara cewa komai ba. Wannan ƙwaro yana huda ganye yana tsotse ruwansa, kuma a yanayi mai zafin da ya kusa digiri 30 yana iya kammala girma daga ƙwai cikin mako guda, shi ya sa duk wanda ya jira sai ya ga yanarsa kafin ya motsa ya riga ya makara. Abin da ya kamata a sani shi ne ba ƙwaro ba ne irin na sauran: ƙafafunsa takwas ne, kuma yawancin magungunan ƙwari na yau da kullum ba sa yi masa illa sosai, har wasu kan ƙara masa yawa saboda sun kashe ƙwarin da ke cinye shi. A ware shukar da ta kamu, a cire ganyen da suka lalace a ƙulle su a leda, a wanke bayan sauran ganyen da ruwa mai ɗan ƙarfi, sannan a fesa sabulun da aka yi don ƙwarin shuka ko man darbejiya. Tilas ne feshin ya taɓa jikin ƙwaron, wato a bayan ganye, kuma tilas a maimaita duk bayan kwana 4 zuwa 5 aƙalla sau uku, domin ƙwai ba ya mutuwa da feshin farko.

Ƙwarin darɓa da farin ƙuda da mai lulluɓe da farin abu kamar auduga duk masu tsotso ne, kuma ana gane su da ɗankon da suke bari a ganye, wanda baƙar fumfuna ke bi daga baya. Wanki da sabulu iri ɗaya suna yi musu magani. Sai dai a lura cewa macen darɓa tana haihuwar 'ya'ya masu rai ba tare da namiji ba, don haka guda ɗaya da ta tsira a toho ta isa ta sake cika shuka. Kusan dukkansu a jikin sabuwar shuka suke shigowa, ko a tufafin wanda ya fito daga lambu, shi ya sa nake ba da shawarar a ajiye duk sabon dashe a wani wuri daban na mako biyu ana duba shi.

A nan ne nake son in yi magana da babbar murya, domin wannan ya shafi rai. Ɗaki ba gona ba ne. Maganin da aka fesa a fili iska da rana na rage ƙarfinsa, amma a rufaffen ɗaki yana zama a iskar da yara ke shaƙa, a labule, a shimfiɗa, da kuma jikin ganyen da za a ci. Magunguna masu ƙarfi irin su dichlorvos suna toshe wani sinadari da jijiyoyin jikin mutum ke buƙata, kuma alamomin gubarsu sun haɗa da dalalar miyau, gumi, hawaye, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido da wahalar numfashi. Bai halatta a fesa irinsu a kan abin da za a ci a cikin ɗaki ba. Idan tsautsayi ya faru, a fitar da mutum zuwa iska, a cire masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke fatarsa da ruwa da sabulu, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar maganin, kuma kada a tilasta masa amai ko a ɗura masa mai ko madara. Ko man darbejiya ma, duk da cewa daga itace yake, guba ne ga ƙaramin yaro idan ya sha, don haka a ɓoye shi. Kowane feshi a gwada shi a ganye biyu ko uku a jira kwana guda, a kuma yi shi bayan an kashe fitila, domin mai da haske mai ƙarfi suna ƙona ganye. Mai asma ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ya nisanci ƙasa mai fumfuna, kuma duk mai buɗe buhun ƙasar shuka ya jiƙa ta tukuna ya rufe hanci, saboda ƙurarta na iya ɗauke da ƙwayoyin cutar huhu.

Batun taki na bar shi a baya da gangan, domin shi ne abin da sabon mai shuka ya fi gaggawar yi, alhali shi ya kamata ya zo ƙarshe. Lambobi ukun da ke jikin buhu ko kwalba suna nuna kason naitirojin, fosfaras da fotashiyam, a jere haka. Ƙasar shuka da aka saya a buhu galibi tana ɗauke da abincin da zai riƙe ɗan tsiro na 'yan makonni, kuma idan lokacin ƙari ya yi, rabin ma'aunin da aka rubuta ya isa a fara da shi, a ga yadda shukar za ta karɓa. Takin zamani gishiri ne. Idan ya yi yawa yakan janye ruwa daga saiwa, bakin ganye ya ƙone ya yi launin ƙasa, ganyen ya yi kore mai duhu ya lanƙwashe, wani farin ɓawo ya bayyana a saman ƙasa, a garin neman gira a rasa ido. Gyaransa shi ne a kwarara ruwa zalla mai yawan ninki biyu zuwa uku na cikin tukunyar ya bi ta gindi ya fita, a bar ta ta tsane, a dakatar da taki.

Idan kuwa da gaske akwai ƙarancin abinci, wurin da alamar ta fara bayyana shi ne ke ba da labari. Shuka tana iya kwashe naitirojin da maganiziyam daga tsofaffin ganye ta kai wa sababbi, don haka ƙarancinsu daga ƙasa yake farawa: na naitirojin ganyen gaba ɗaya ya yi rawaya, na maganiziyam kuma tsakanin jijiyoyi ya yi rawaya jijiyoyin su zauna kore. Sinadarin ƙarfe da kalsiyam ba sa ƙaura haka, shi ya sa alamarsu a sabon toho take fita. Amma ko an ga alamar, ba lallai ne abincin ya ƙare a cikin ƙasar ba. Yawancin kayan lambu suna son ƙasa mai ma'aunin pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa ko ruwa, tsakanin 6 da 7, waɗanda ake renonsu a zaren ɓawon kwakwa ko a ruwa zalla kuma tsakanin 5.5 da 6.5, kuma idan ruwan da ake ba su mai yawan ƙasar alli ne, ma'aunin kan hau a hankali har ƙarfen da ke cikin ƙasar ya ƙi narkewa, saiwa ta kasa ɗaukarsa. Haka kuma baƙin tabon da ke fitowa a gindin tumatir da barkono, wanda ake dangantawa da ƙarancin kalsiyam, mafi yawan lokuta daga ban ruwa marar tsari yake tasowa, yau fari gobe ambaliya, tunda a cikin ruwa kalsiyam ke tafiya zuwa 'ya'yan. Ƙarin taki ba ya warware ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Duk gyaran da za a yi, a yi guda ɗaya a jira kwana biyar zuwa mako guda, kuma a riƙa duban sabon toho, domin ganyen da ya riga ya ƙone ko ya yi tabo ba zai koma kore ba ko da an dace da magani. Wanda ya canja ruwa da taki da haske a rana ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ne ya yi aiki ba. Ƙaramar fanka mai kaɗa ganye a hankali, da danshin ɗaki tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, suna rage farar fumfunar da ke kwanciya a ganye kamar gari, kuma dole ne wayoyin fitila da na fanka su kasance a sama, nesa da inda ruwa ke ɗiga. Shukar da yanar ƙwaron nan dangin gizo-gizo ta rufe ta, ko wadda saiwarta ta ruɓe gaba ɗaya, gara a ƙulle ta a leda a fitar da ita tare da ƙasarta don a tsirar da sauran. Tukunyar kuma a kankare ta, a jiƙa ta a ruwan bilic, kashi ɗaya cikin kashi tara na ruwa, na aƙalla minti 10, a ɗauraye ta sosai, a shanya ta bushe kafin a zuba mata sabuwar ƙasa.