Tsutsar ciki a doki: tambayoyin masu barga da amsoshinsu

Da an yi ruwa biyu ko uku ciyawa ta tsiro, sai a fara fitar da dawaki fadama da bayan gari, don a lokacin harawa ta yi tsada. A nan ne kuma tsutsar ciki take samun ƙofa.

Dokina yana cin dawa da dusa sosai, amma haƙarƙarinsa a waje. Tsutsa ce?

Mai yiwuwa. Doki mai tsutsa yakan rame, gashinsa ya daina sheƙi, wani lokaci ya yi zawo ko ciwon ciki, ka gan shi yana waiwayen kwiɓinsa yana son yin birgima. Dukushi kuwa cikinsa ne yake yin tulu. In kuma yana goga gindin wutsiya a jikin turke har gashin ya kakkarye, wata tsutsa ce da take fitowa bakin dubura ta zuba ƙwai. Amma ka duba kashinsa tukuna. In ka ga dawa guda-guda ba a tauna ba, a duba turamen haƙoransa. Sammore ma yana ramar da doki.

Daga ina yake kwasota?

Daga kashinsa da na 'yan'uwansa. Ƙwan tsutsa yana fita a cikin kashi, in akwai danshi da ɗumi sai ya ƙyanƙyashe, cikin mako ɗaya zuwa biyu 'ya'yan su hau ganyen ciyawa, doki ya haɗiye. Zafin rani da bushewa suna kashe yawancinsu, shi ya sa damina ce lokacinsu. Mafi haɗari ita ce wadda likitoci ke kira Strongylus vulgaris, wadda ke bin jijiyoyin jinin da ke ciyar da hanji har ta toshe su. Akwai kuma wani ƙuda mai manna ƙwai rawaya ƙanana a gashin ƙafafun gaba; doki ya lasa, tsutsar ta sauka ciki. Wannan ƙwan da reza ake kankare shi.

Duk wata nawa zan ba da magani?

A da akan ce duk bayan wata biyu, kuma wannan ɗabi'a ce ta sa tsutsotsi da yawa suka daina jin magani. Mu nan kuma wasu sai hawan sallah ya matso suke tunawa. Abin da ya fi shi ne ka ɗebi sabon kashi a leda ka kai asibitin dabbobi a ƙirga ƙwan da ke ciki. Asibitocin koyarwa na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna irin wannan gwaji. Babban dokin da ƙwansa bai kai 200 a kowane giram na kashi ba, sau ɗaya ko biyu a shekara ya ishe shi, kuma ƙarshen damina lokaci ne mai kyau. A barga guda za ka tarar 'yan kaɗan ne ke zubar da yawancin ƙwan, su ne za a fi bi. Dukushi dabam ne: ana fara ba shi yana wata 2 zuwa 3.

Wane magani, kuma nawa?

Ivermectin na baki, miligiram 0.2 ga kowane kilo, wato dokin kilo 300 zai sha miligiram 60. Ba ya kashe tsutsa mai faɗi, sai an haɗa da praziquantel. Ga dukushi fenbendazole ya fi dacewa, don doguwar farar tsutsar da ke damunsa ta saba da ivermectin a wurare da yawa. Kuskuren da na fi gani shi ne raba sirinji ɗaya ga dawaki uku don a rage kuɗi: tsutsa mai rauni ta mutu, mai taurin kai ta hayayyafa. Ka tabbata bakinsa ba abinci, ka zura sirinjin ta gefen da linzami ke zama, ka matse a bayan harshe, ka ɗaga kansa har ya haɗiye.

Allurar ivermectin ta shanu fa?

Kada a yi wa doki ita a tsoka. Tana iya jawo kumburi da ruɓewar nama mai kisa.

Kanwa ba ta isa ba?

Kakanninmu sun ba dawaki kanwa, kuma doki yana bukatar gishiri. Amma ba ta maye gurbin maganin tsutsa.

Me kuma zan kula da shi a wurin kiwo?

Kwashe kashi aƙalla sau biyu a mako, a tara shi nesa ya ruɓe kafin a kai gona. Kada a kafa turke wuri ɗaya kullum. In shanu ko tumaki suka bi bayan dawaki, suna cinye 'ya'yan tsutsar, kuma yawancinta ba ta rayuwa a cikinsu. Ruwa mai tsabta, lita 25 zuwa 45 a yini, fiye da haka in ana zafi. A sauya daga harawa zuwa ɗanyar ciyawa sannu a hankali. Kullum da yamma a ɗaga kofato a kankare taɓo, a shinshina ko yana wari, a duba inda dabaibayi ke gugar ƙafa, a bi ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne don kaska. A shigar da shi barga kafin magariba, lokacin da ƙananan ƙwari masu cizo suke fitowa.