Daskarewar ruwan tururi a motocin gas ɗin itace

Motar gas ɗin itace mota ce da ake ɗaura wa tukunyar ƙarfe inda itace ko gawayi ke ci da ƙarancin iska, har ya saki gas mai kamawa da wuta, injin ya sha shi a madadin fetur. Kusan rabin gas ɗin naitirojin ne mara amfani ga injin. Abin da ke ci shi ne kabon monoksaid, wajen kashi 20 cikin 100, da haidirojin da ɗan mitan. Wani Bafaranshe mai suna Georges Imbert ne ya inganta tukunyar a shekarun 1920. A yaƙin duniya na biyu, da fetur ya yi wuya a Turai, motoci kusan miliyan ɗaya suka koma kanta, kuma Suwidin kaɗai tana da fiye da 70,000 a 1942. A can, cikin hunturu mai tsanani, aka san wahalar daskarewa sosai.

Inda ruwan yake fitowa

Itace ko ya bushe bai rasa danshi, ƙonewarsa ma tana haifar da wani ruwan. Gas yana barin tukunya da zafin ɗaruruwan digiri, dole a bi da shi ta bututan sanyaya masu aiki irin na lagireto, domin gas mai sanyi ya fi cika silinda. Yana hucewa sai tururin ya zama ruwa, kamar raɓar da ke taruwa a ƙarƙashin murfin tukunyar tuwo. Wannan ruwa baƙi ne mai wari, gauraye da kwalta da tsami mai cin ƙarfe, bai kamata a zubar da shi kusa da rijiya ko wurin shan dabbobi ba.

Idan sanyi ya kai ƙasa da sifili, ruwan da ya kwana a bututu yana zama ƙanƙara, girmansa ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100. Kan famfon zubarwa ne ke fara toshewa saboda ƙanƙantarsa, sannan matatar da ke tace gas ɗin ta sandare, wani lokaci walda ta tsage. Tsagewa ita ce mafi muni: iska na shiga ta gauraya da gas a inda bai kamata ba, kabon monoksaid kuma na fita bayan an kashe injin, ga shi ba launi ba wari, yana kisa.

Rigakafi

Babban magani shi ne rage ruwan tun daga baki. Itacen da danshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba ake so, gawayi kuwa ruwansa kaɗan ne ƙwarai. Na biyu, a zubar da ruwan duk lokacin da aka ajiye mota, tun ƙarfe yana da ɗumi, a fili, sannan a rufe famfon. Wanda ya kiyaye waɗannan biyun ya gama da yawancin matsalar. Sauran aikin maƙeri ne: bututu ya gangara zuwa tankin tara ruwan ba tare da kwarin da ruwa zai kwanta ba, bakin zubarwa ya zama mai faɗi, tankin ya zauna kusa da salansa, a rufe wani ɓangaren bututan sanyaya lokacin ɗari, a kuma ɗan ɗumama gas ɗin kafin ya isa matata don kada ya sake yin raɓa. Wasu suna zuba ruwan hana daskarewa a tanki, amma guba ne, kuma ruwan da ke taruwa yana tsinka shi. Gishiri kawo tsatsa yake. In an riga an daskare, ruwan zafi ake kwarawa. Kusantar da wuta ga bututun gas ganganci ne.

A Sudan

Manomi Bahaushe a Mai Wurno ko Gadarif ba zai ga ƙanƙara a bututu ba. Irin wannan sanyi sai wurare masu tudu kamar Jabal Marra. Amma tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 da yawancin man ƙasar, ga kuma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, duk abin da zai tayar da injin ban ruwa ba tare da mai ba ya cancanci a dube shi da kyau. Makamashin yana nan: karan auduga na Jazira, ɓawon gyaɗa, da itacen miskit da ya addabi gonakin Kasala. Injin dizal, wanda ya fi yawa a gonaki, yana buƙatar ɗan mai tare da gas ɗin don ya kama.

A nan ruwan bai daskarewa, amma bai fasa taruwa ba, musamman da asubar hunturu lokacin da ƙarfe ya kwana cikin sanyi. Yana jiƙa matata, yana cin bututu daga ciki. Da bazara kuma matsalar tana juyawa: bututan ba sa huce gas yadda ya kamata, tururin ya wuce har cikin injin, ƙarfinsa ya ragu.