Mashawartan Waje a Haɗin Gwiwar Gwamnati da Kamfanoni

Mashawartan waje su ne ƙwararrun da hukuma kan ɗauko haya idan za ta ƙulla yarjejeniya da kamfani mai zaman kansa domin gina ko gudanar da ababen more rayuwa na birni, kamar ruwan famfo, jiragen ƙasa da kwashe shara. Galibinsu lauyoyi ne da masana harkar kuɗi da injiniyoyi. Irin wannan kwangila kan ɗauki shekara 25 zuwa 30, kuma ba kasafai hukumar birni ke ƙulla irinta ba, alhali kamfanin da take ciniki da shi sana'arsa ke nan. Wannan giɓi ne mashawartan ke cikewa.

Tarihi

Miƙa ruwan birni ga kamfani tsohon abu ne. A Faransa an kafa Compagnie Générale des Eaux a 1853, ta kuma fara aiki da birnin Lyon. Sai dai sana'ar ba da shawara kan irin waɗannan kwangiloli ba ta bunƙasa sosai ba sai bayan 1992, lokacin da gwamnatin John Major ta ɓullo da shirin PFI a Birtaniya, wato tsarin da kamfanoni ke zuba kuɗinsu su gina ayyukan gwamnati su gudanar da su, gwamnati na biyansu a tsawon shekaru. Ma'aikatu suka rasa masu iya tantance bashin banki da rabon haɗari, don haka a 1997 Baitulmalin ƙasar ya kafa kwamiti da ya haɗa da ƙwararru daga kamfanoni, wanda wata cibiyar ba gwamnati shawara mai suna Partnerships UK ta gada a 2000. A wajajen wannan lokaci Afirka ta Kudu ta buɗe sashe makamancinsa a Baitulmalinta.

A ƙasashe masu tasowa, cibiyoyin Bankin Duniya ne suka fi taka wannan rawa. Hukumar IFC, reshen bankin mai hulɗa da kamfanoni masu zaman kansu, ita ce ta ba gwamnatin Filifin shawara a 1997, sa'ad da aka raba ruwan Manila gida biyu: gabas ga kamfanin Manila Water, yamma ga kamfanin Maynilad.

Misalin da ake yawan kawowa wajen tsada shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan. Tsara kwangilolinsa, waɗanda aka kammala a 2003, ya ci fiye da fam miliyan 400 idan aka haɗa kuɗin mashawarta da na kamfanonin da suka nemi aikin. Duk da haka, cikin kamfanoni biyun da suka samu kwangilolin, Metronet ya durƙushe a 2007, hukumar sufurin birnin kuma ta saye ɗayan, Tube Lines, a 2010.

Aikinsu

Suna nazarin yiwuwar aikin, su tsara takardun neman kwangila, su auna tayin kamfanoni, su zauna teburin ciniki har bankuna su amince su saki kuɗi.

Taƙaddama

Masu suka na cewa kamfanin shawara ɗaya kan yi wa gwamnati aiki a nan, ya yi wa ɗan kwangila a can, kuma mashawarcin da cikon kuɗinsa ya rataya a kan sa hannu a kwangilar ba zai so a fasa aikin ba. Akwai kuma ƙorafin cewa ilimin kan tafi da su, a bar ma'aikata da kwangilar da ba su suka rubuta ba. Magoya baya na ganin kuɗin shawara bai kai asarar kwangila mara kyau ba. Birtaniya ta daina ƙulla sababbin kwangilolin PFI a 2018.