Ɗan Talaka a Kan Dandamali: Tambayoyi Kan Wasan Kwaikwayon Tarihin Kai

Mene ne wasan kwaikwayon tarihin kai?

Galibi shi ne wasan da mutum ke hawa dandamali ya faɗi labarin rayuwarsa da bakinsa, ba tare da ya ɓuya a bayan sunan aro ba. A Turai ya samu karɓuwa sosai a hannun waɗanda suka tashi a gidan talakawa, daga baya ilimi ya shigar da su cikin masu hannu da shuni. Faransawa suna kiran irin wannan mutum transfuge de classe, wato wanda ya sauya sheƙa daga ajin iyayensa.

Wane ne ya yi fice a wannan fage?

Édouard Louis, wanda aka haifa a 1992, ya girma a ƙauyen Hallencourt da ke arewacin Faransa, sunansa na yanka kuwa Eddy Bellegueule. A 2018 ya fitar da littafin Qui a tué mon père, ma'ana wa ya kashe mahaifina, sannan a 2020 ya hau dandamali da kansa a Paris ƙarƙashin jagorancin daraktan Jamus Thomas Ostermeier. Mahaifin yana raye lokacin da aka rubuta littafin. Kisan da ake nufi na sannu a hankali ne. Wani kaya mai nauyi ya faɗo wa mahaifin a masana'anta ya lalata masa baya, sai gyaran dokar tallafi na 2009, a zamanin shugaban Faransa Nicolas Sarkozy, ya matsa masa ya koma aiki, ya ƙare da sharar titi yana sunkuye da bayan da ya riga ya lalace. Louis ya ambaci shugabanni da sunayensu, har da Macron, wanda gwamnatinsa ta rage Yuro 5 daga tallafin kuɗin haya a 2017.

Tun da littafin yana nan, me dandamali ya ƙara?

Ya ƙara jiki da murya. Asalin mutum yana fitowa a karin harshensa da tafiyarsa, Louis kuwa ya canza har sunansa don ya rabu da wannan asali. Mai kallo yana ganin saurayi ɗan boko yana magana da kujerar da ba kowa a kanta, wadda ta tsaya a madadin uban, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi kowane bayani ƙarfi.

Dole ne mai labarin ya fito da kansa?

A'a. Ostermeier ya mayar da littafin marubucin Faransa Didier Eribon na 2009, Retour à Reims, ma'ana komawa birnin Reims, wasa a 2017 a Manchester, inda 'yar wasa Nina Hoss ta karanta labarin Eribon na dangin ma'aikata da suka bar jam'iyyar Kwaminis suka koma zaɓen Front National, jam'iyyar masu tsattsauran ra'ayin kishin ƙasa a Faransa. Daga bisani ta kawo labarin mahaifinta, Willi Hoss, ɗan ƙungiyar ƙwadago kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar masu kare muhalli ta Jamus.

To, ina matsalar take?

A ganina tana cikin zauren. Masu sayen tikitin manyan gidajen wasa na Paris ko Berlin galibi 'yan ajin da mai labarin ya shiga ne, ba wanda ya baro ba, saboda haka ana iya zargin cewa an mai da talaucin gida abin kallo ga masu hali. Akwai kuma hakkin dangi, domin wanda ya faɗi tarihinsa ya faɗi na uwa da uba ba tare da sun samu damar mai da martani a wurin ba. Lokacin da littafin Louis na farko ya fito a 2014, wasu daga danginsa da mutanen ƙauyensu sun nuna ɓacin ransu kan yadda ya siffanta su.