RSS da Manhajojin Bin Sabbin Wallafe-wallafe

RSS wani tsari ne da shafukan intanet ke amfani da shi wajen sanar da sabon abin da suka wallafa. Shafin yakan ajiye wani ɗan fayil da aka rubuta da harshen kwamfuta na XML, wanda ke ɗauke da kanun labarai, da ranar fitar kowanne, da adireshinsa, wani lokaci har da taƙaitaccen bayani ko cikakken rubutun. Da zarar an saka sabon abu, fayil ɗin zai sabunta da kansa. Ita kuwa manhajar karatu, aikinta shi ne ta riƙa leƙa waɗannan fayiloli a kai a kai, ta kwaso abin da ya shigo, ta jera wa mai ita a wuri guda. Ke nan mai bin shafuka talatin ba sai ya zagaya su ɗaya bayan ɗaya kowace safiya ba.

Tarihi

Kamfanin Netscape na Amurka ne ya fito da sigar farko a watan Maris na 1999, ta hannun Dan Libby da Ramanathan Guha. Ba a jima ba kamfanin ya janye hannunsa, sai masu harkar suka rabu gida biyu. Wani ayari ya fitar da RSS 1.0 a Disamban 2000, cikinsu har da Aaron Swartz, yana ɗan shekara 14. Wani mai ƙirƙirar manhajoji, Dave Winer, kuma ya bi tasa hanyar, ya fitar da RSS 2.0 a Satumban 2002. Wannan ja-in-ja ce ta sa aka ƙirƙiro tsari na uku mai suna Atom, wanda IETF, hukumar da ke tsara ƙa'idojin intanet, ta amince da shi a Disamban 2005. Mai karatu bai cika jin bambancin ba, domin manyan manhajoji suna fahimtar dukkansu.

A 2005 ɗin ne Google ya buɗe Google Reader, wadda ta zama gaba-gaba cikin manhajojin karatu. Da ya rufe ta ranar 1 ga Yuli, 2013, bisa hujjar cewa masu amfani da ita sun ragu, jama'a da dama sun ɗauka ajalin RSS ya zo. Bai zo ba. Mutane sun yi ƙaura zuwa wasu manhajojin karatu irin su Feedly, Inoreader da NewsBlur, kuma ƙaurar ta zo da sauƙi saboda fayil ɗin OPML, wanda ke ba mutum damar kwashe jerin shafukansa gaba ɗaya daga wata manhaja zuwa wata. Sai dai tsarin ya ja baya daga idon jama'a. Burauzar Firefox ma ta cire nata sashen karanta shi a Disamban 2018.

Yadda ake amfani da shi

Mutum zai kwafi adireshin shafin da yake so ya liƙa a cikin manhajar, ita ce za ta nemo fayil ɗin. Wasu shafukan suna nuna shi da wata alama mai ruwan lemo, da ɗigo da layuka biyu lanƙwasassu. Shafukan da aka gina da WordPress suna da shi tun daga tushe, haka ma tashoshin YouTube da kafofin labarai irin su BBC Hausa.

Babban alherin tsarin shi ne mai karatu ke riƙe da linzami. A Facebook, lissafin kamfani ne ke zaɓar abin da zai bayyana a gabanka da wanda zai ɓuya. A manhajar RSS kuwa, abin da ka zaɓa shi kaɗai ke zuwa, bi da bi gwargwadon lokacin fitarsa, kuma ba sai ka ba kowane shafi imel ɗinka ba. Ga wanda ke lallaɓa datarsa ma akwai riba, tunda yana iya duba kanu kafin ya buɗe shafi mai nauyin hotuna. Matsalarsa ita ce wasu masu shafuka layi biyu kawai suke sakawa don dole a je wurinsu, kuma wanda ya tara shafuka fiye da ƙima zai tarar da ɗaruruwan labarai suna jiransa.

Shirye-shiryen sauti na fodkas ma a kan RSS suke tafiya. Tun a Disamban 2000 aka ƙara masa damar maƙala fayil ɗin sauti, kuma har yau ta wannan hanya ce mafi yawan manhajojin saurare ke sanin cewa sabon shiri ya fito.